Tambaya da Amsa: Ƙwayar Haske Guda da Tagwayen da Nisa Bai Raba Ba

Yawancin wasiƙun da suka iso filin nan a makonnin da suka gabata sun karkata ne ga batu guda, wato halin da haske yake nunawa idan aka dusashe shi har ya koma ƙwaya ɗai-ɗai, da kuma abin da masana fiziks suke kira sarƙewar kwantam, wato alaƙar da ke ɗaure halin ƙwayoyi biyu komai nisan da ke tsakaninsu. Na zaɓi shida daga cikinsu, na jera su yadda amsar kowace za ta share wa ta gaba hanya, domin wanda bai fahimci ƙwaya guda ba zai sha wuya wajen fahimtar tagwaye.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyar da fiziks a makarantar sakandare. A wani darasi nakan ce wa ɗalibai haske igiya ne, hujjata kuwa ita ce ratsin haske da duhu da ke fita idan ya ratsa tsaga biyu. A wani darasin kuma nakan ce musu haske ƙwayoyi ne. Wani yaro ya tambaye ni cewa idan an saki ƙwaya guda tak, da wa za ta yi karo har ratsin ya fito? Na rasa amsar da za ta gamsar da shi. Daga wani malami a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. A gaishe mini da yaron nan, domin tambayarsa ita ce ginshiƙin wannan fanni baki ɗaya. Mu fara daga tafki. Idan aka jefa duwatsu biyu a ruwa lokaci guda, kowanne zai tayar da igiyoyi masu zagaye, kuma inda suka haɗu za a ga wuraren da tudun wannan ya hau tudun wancan, ruwa ya ƙara tashi, da wuraren da tudun ɗaya ya faɗa cikin kwarin ɗayan, ruwa ya kwanta lamo. Wannan shi ne karon igiya. A farkon ƙarni na 19 wani likita ɗan Ingila, Thomas Young, ya nuna cewa haske ma yana yin haka: idan ya bi ta ƙananan tsagogi biyu ya sauka a bango, sai a ga ratsi-ratsi na haske da duhu kamar na saƙi. Haske ya haɗu da haske sun haifi duhu, abin da tsakuwa ko harsashi ba za su taɓa yi ba.

A 1905 Albert Einstein ya kawo hujjar cewa ƙarfin haske yana zuwa ne a dunƙule-dunƙule, kowane dunƙule ba ya gutsuruwa, kuma shi ne daga baya aka raɗa wa suna foton. Ƙanana ne ƙwarai, domin 'yar fitilar lezar nan ja da ake nuna rubutu da ita a allo tana iya fitar da foton wajen tiriliyan 3,000 a kowane sakan. Saboda wannan yawa, abu ne mai sauƙi mutum ya ɗauka cewa ƙwayoyin ne suke bangazar juna kamar jama'a a ƙofar kasuwa har ratsin ya samu. A 1909 Geoffrey Taylor, a Kambirij, ya gwada wannan zato. Ya dusashe haske da gilasai masu baƙin hayaƙi, ya ɗauki hoton inuwar allura, hasken ya yi rauni har sai da hoto guda ya ci kusan wata uku, amma ratsin ya fito daidai da na haske mai ƙarfi.

Duk da haka mai tsananta bincike zai iya cewa haske mai rauni igiya ce mai rauni kawai, babu tabbacin ƙwaya guda ce. An toshe wannan kafa a 1986 a Orsay, kusa da birnin Faris, inda Philippe Grangier da Gérard Roger da Alain Aspect suka yi amfani da ƙwayoyin zarra na sinadarin kalsiyam, waɗanda ke fitar da foton biyu a jere, na farkon ya zama kamar mai shelar cewa ga na biyu nan tafe, shi kaɗai. Suka aika wannan na biyun kan wani madubi da ke mayar da rabin haske ya bar rabi ya wuce, suka ajiye na'urar ƙirga a kowane ɓangare. Da a ce igiya ce da ke rabuwa biyu, da na'urorin sun riƙa motsawa tare. Abin da aka gani shi ne kusan kullum ɗaya ce take motsawa, ko ta dama ko ta hagu. Foton ba ya rabuwa.

Sai suka janye na'urorin, suka sa madubai suka karkato da hanyoyin biyu su sake haɗuwa a kan wani madubin rabi na biyu mai mafita biyu. Hankali zai ce rabin foton za su fita ta nan, rabi ta can. Amma idan tsawon hanyoyin ya zo daidai, kusan dukkansu ta mafita guda suke fita, kuma idan aka ƙara wa hanya ɗaya tsawon rabin igiya, wanda bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, sai duk su koma ɗaya mafitar. Wani abin da ya fi wannan ɗaure kai shi ne idan aka toshe hanya ɗaya da yatsa, mafitar da a da babu abin da ke isa gare ta sai ta fara samun foton. Buɗe hanya ta biyu ne ya hana su zuwa can.

Ga amsar da zan ba yaron, Malam. Foton ba ya karo da wani foton, hanyoyin da zai iya bi ne suke karo da juna. Ka'idar kwantam, wadda ke bayyana halin ƙananan ƙwayoyi irin su foton, tana ba kowace hanya wani adadi mai hawa da sauka irin na igiya, a fara haɗa adadin hanyoyin, daga jimlar ne kuma ake fitar da yiwuwar samun foton a wani wuri. Inda adadin biyu suka soke juna, foton ba ya zuwa. Kowane foton yana sauka ne a ɗigo guda, ba a iya faɗin inda zai sauka tun kafin ya sauka, amma idan dubbai suka taru ɗaya bayan ɗaya sai ratsin ya bayyana. Ina ba da shawarar kada a ce wa ɗalibai foton ya rabu biyu ya bi hanyoyin, domin gwajin farko na 1986 ya ƙaryata haka.

Tambaya: Malam, na kalli wani bidiyo a waya inda ake cewa foton yana sanin lokacin da mutum yake kallonsa, sai ya daina halin igiya, kuma wai wannan ya nuna tunanin ɗan'adam ne yake gina duniya. Shin gaskiya ne? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, rabin farko na maganar yana da tushe, amma an murɗe shi, rabi na biyu kuwa babu gwajin da ya nuna shi. Gaskiyar ita ce ratsin yana ɓacewa da zarar an sami wata alama da za ta bambanta hanyar da foton ya bi, ko da babu mahalukin da ya duba alamar. Domin ki ga yadda abin yake, sai na gabatar da wata siffa ta haske da za mu sake buƙata a gaba. Ki ɗaure igiya a turke ki riƙe ɗaya bakin, za ki iya kaɗa ta sama da ƙasa, ko dama da hagu, ko a karkace. Haske ma yana da irin wannan fuskar kaɗawa, kuma akwai wani gilashi da zan kira rariyar haske, wanda ke barin mai kaɗawa ta fuska guda ya wuce ya tare mai kaɗawa a gicciye. Irinsa ne a wasu tabarau na rana da ke kashe ƙyallin kwalta.

To, a gwajin madubin da na bayyana wa Malam, a sa wani ɗan gilashi a hanya ɗaya wanda zai juya fuskar kaɗawar foton daga tsaye zuwa kwance. Yanzu wanda ya bi dama a tsaye yake, wanda ya bi hagu a kwance. Nan take karon ya ɓace, rabi su fita ta nan rabi ta can, ko da an kulle ɗakin kowa ya tafi gida. Hanyoyin sun daina zama iri ɗaya, saboda haka adadinsu ba ya iya soke juna. Idan kuma aka ajiye rariya a karkace, a digiri 45, a gaban mafita, duk foton da ya tsallake ta ya zama a karkace, babu sauran alamar hanyar da ya fito, sai karon ya dawo a cikin waɗanda suka tsallake. Wannan shi ake kira goge alama, kuma Marlan Scully da Kai Drühl ne suka kawo shawararsa a 1982.

An ma gwada jinkirta shawara. John Wheeler ya kawo tambayar a 1978: me zai faru idan sai bayan foton ya wuce madubin farko aka yanke ko za a haɗa hanyoyin ko za a bar su a rabe? A 2007 masu bincike a Faransa sun yi gwajin da hanyoyi masu tsawon mita 48, wata na'urar ƙuri'a ce, mai zaɓe ba tare da tsari ba, take yanke shawarar, ba mutum ba. Sakamakon ya bi tsarin da ke nan a lokacin da foton ya iso: in an haɗa hanyoyin a ga karo, in an bar su a rabe a san hanya. Abin da ake kira kallo a wannan fanni, 'yar'uwa, shi ne duk wata cuɗanya da ke barin sawu, ko da da ƙwayar ƙura ce ko iskar ɗaki. Shi ya sa ba ma ganin irin wannan karo a kujera ko akuya, domin haske da iska suna taɓa su a kowane lokaci suna ɗauke labarin inda suke. Yana damuna ƙwarai in ga ana amfani da sunan wannan ilimi wajen sayar wa mutane magani ko darasin samun arziki da tunani, alhali waɗanda suka yi gwaje-gwajen sun kwashe shekaru suna kakkaɓe kowane zato kafin su furta kalma guda.

Tambaya: Idan foton guda ba ya karo da ɗan'uwansa, me ke faruwa idan aka haɗa foton biyu a kan madubi guda? Daga wani ɗalibin jami'a a Bauchi.

Amsa: An yi wannan a Jami'ar Rochester ta Amurka a 1987, gwajin kuma yana ɗauke da sunan masu shi, Hong da Ou da Mandel. Foton ɗaya ya zo wa madubin rabi ta dama, ɗaya ta hagu. Abu huɗu ne za su iya faruwa: su fita tare ta wannan mafita, ko tare ta waccan, ko duka biyun su ratsa madubin, ko duka biyun madubin ya mayar da su. Biyun ƙarshe sakamakonsu ɗaya ne, foton guda a kowace mafita, kuma idan foton ɗin sun yi kama ta kowace fuska, launi da fuskar kaɗawa da lokacin isowa, babu yadda za a bambanta waɗannan biyun. Dokar da muka gani ta sake aiki, adadinsu ya soke juna, sai ya zama kullum tare suke fita kamar an ɗaure su. Da an jinkirta ɗaya da abin da bai kai kashi ɗaya cikin tiriliyan na sakan ba, sai rabuwar ta fara dawowa. Ka lura cewa ba tura juna suka yi ba, kuma ba jan juna suka yi ba, har yanzu hanyoyin aukuwar abu ne suke karo, sai dai yanzu hanyoyin na foton biyu ne a haɗe. Da wannan gwaji ake auna ko maɓuɓɓugar foton tana fitar da su iri ɗaya sak, abin da kwamfutar kwantam mai aiki da haske take dogara da shi.

Tambaya: Malam, ni mai sayar da goro ne. Na ji ana mamakin ƙwayoyi biyu da idan aka auna ɗaya sai a san halin ɗayar komai nisa. Ni ban ga abin mamaki ba. Idan na ɓare goro na naɗe kowane ɓari a ganye ban duba ba, na aika ɗaya Kano ɗaya Agadas, wanda ya kwance nasa a Kano ya ga fari ai ya san na Agadas ma fari ne. Ina bambancin? Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Alhaji, misalinka shi ne ainihin matsayin Einstein. A 1935 shi da Boris Podolsky da Nathan Rosen sun rubuta cewa idan auna ƙwaya a nan yana ba da labarin wadda ke can ba tare da an taɓa ta ba, to lallai halin yana nan tun daga gida, kamar launin goronka, ka'idar kwantam ce kawai ta gaza faɗinsa. A shekarar ce kuma Erwin Schrödinger ya raɗa wa lamarin sunan da nake fassarawa da sarƙewa. Kusan shekara 30 aka ɗauki wannan a matsayin gardamar da babu alƙalin da zai raba, har zuwa 1964, lokacin da John Bell, mutumin Belfast mai aiki a CERN, cibiyar binciken fiziks ta Janiba, ya gano cewa ra'ayin goro yana da iyakar da lissafi ya gindaya masa, kuma ka'idar kwantam tana tsallake wannan iyaka.

Ga yadda ake samun tagwayen a yau. Ana haska leza mai launin shunayya, mai tsawon igiya nanomita 405 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), cikin wani lu'ulu'u na musamman da aka fi sani da BBO. Yawancin foton wucewa suke yi, amma jefi-jefi ɗaya yakan rikiɗe ya zama biyu, kowanne mai nanomita 810 da rabin ƙarfin na asali. Ana iya tsara abin yadda tagwayen za su sarƙe a fuskar kaɗawa. A aika ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne ya tarar da rariya, ko ya wuce ko a tare shi. Idan rariyoyin biyu suna fuskantar kusurwa guda, kowace kusurwa ce kuwa, amsar tagwayen ɗaya ce kullum: in wannan ya wuce wancan ya wuce, in an tare wannan an tare wancan. Har zuwa nan goronka yana da gaskiya.

Bambancin yana fitowa ne saboda goro tambaya guda ake yi masa, fari ko ja, foton kuwa ana iya yi masa tambaya ta kowace kusurwa. A juya rariyar dama da digiri 30, sai tagwayen su saɓa sau 25 cikin 100. A mayar da ita, a juya ta hagu da digiri 30 ta ɗaya ɓarin, nan ma saɓani 25 cikin 100. To yanzu a juya duka biyun, tazarar ta zama digiri 60. Idan kowane foton ya taso da amsoshinsa a rubuce tun daga lu'ulu'un, kuma babu ruwansa da abin da aka yi wa rariyar ɗan'uwansa, to juyin dama ya canza amsa 25, juyin hagu ya canza 25, saɓanin ba zai taɓa wuce 50 cikin 100 ba, yana ma iya kasa haka idan canjin biyu ya faɗa kan tagwaye guda. Kowane ɗan kasuwa zai yarda da wannan lissafi. Amma ka'idar kwantam ta ce 75 za a samu, kuma 75 ɗin ake samu.

John Clauser da Stuart Freedman ne suka fara gwadawa a Berkeley ta jihar Kalifoniya a 1972, Clauser kuma ya sha faɗin cewa ya yi fatan Einstein ne zai yi nasara, amma sakamakon ya goyi bayan kwantam. A irin ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen auna dacewar amsoshin tagwaye, ra'ayin goro ba ya wuce 2, kwantam tana iya kai wa 2.83, kuma a 1982 Aspect da abokan aikinsa sun auna kusan 2.70. Aka ce to ko wani saƙo ne yake gudu tsakanin rariyoyin? A shekarar dai Aspect ya raba su da tazarar mita 12, wadda haske ke ci a nanosakan 40 (nanosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan), ya riƙa sauya kusurwar awo kowane nanosakan 10, foton suna kan hanya. A 1998 ƙungiyar Anton Zeilinger a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya ta kai tazarar mita 400, na'urar ƙuri'a tana zaɓen kusurwa. Sauran kafar da ta rage ita ce na'urorin lokacin suna kama kaɗan ne daga cikin foton, ana iya cewa waɗanda suka tsere da sun canza lissafi. A 2015 aka toshe kafofin biyu a gwaji guda: a Delft ta ƙasar Holan da ƙwayoyin lantarki biyu a cikin lu'ulu'un daimon masu tazarar kilomita 1.3, sannan a Biyana da kuma Boulder ta Amurka da foton. A 2022 aka ba Aspect da Clauser da Zeilinger kyautar Nobel. Bell ya rasu tun 1990.

Abin da aka tabbatar, Alhaji, shi ne abu biyu ba za su zama gaskiya tare ba: cewa kowane tagwai ya taso da amsarsa, da cewa abin da aka yi a can bai shafi nan ba. Wanne za a saki a cikinsu, a nan masana suka rabu har yau, amma ba su rabu a kan adadin da aka auna ba. Yadda ka'idar ta bayyana shi, tagwayen hali guda gare su a haɗe, cewa amsarsu za ta dace, ba tare da ɗayansu yana da nasa halin shi kaɗai ba. Kuma wannan shi ne abin da 'yar'uwarmu ta Maraɗi ta tambaya a wata kama: alamar da ke kashe ratsi ba komai ba ce illa sarƙewar hanyar foton da wani abu dabam da ya riƙe labarinta.

Tambaya: Ina gyaran waya. Shin da wannan sarƙewa za a iya ƙera wayar da ke aika saƙo nan take ba tare da sabis ba, har ta fi haske sauri? Na kuma ji an ce an ɓatar da ƙwaya a wani wuri ta bayyana a wani. Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, ba za a iya ba, kuma dalilin a fili yake. Wanda ke riƙe da foton na dama ba shi da ikon zaɓen amsar da zai samu, rabin lokaci ya wuce, rabi a tare shi, babu tsari. Na hagu ma abin da yake gani ke nan, ko an auna na dama ko ba a auna ba, ko ta wace kusurwa aka auna. Dacewar ba ta bayyana sai an kawo rajistar ɓangarorin biyu an jera su layi-layi, rajistar kuwa dole ta bi waya ko rediyo, waɗanda ba sa wuce gudun haske, kusan kilomita 300,000 a sakan.

Batun ɓatar da ƙwaya ma haka ne. Abin da aka yi a Innsbruck da Rum a 1997, bisa shawarar da Charles Bennett da abokansa suka kawo a 1993, shi ne ɗauke halin wani foton a ɗora wa wani da ke nesa, da taimakon sarƙaƙƙun tagwaye da kuma saƙo na yau da kullum da ke gaya wa mai karɓa gyaran da zai yi. Halin na asali yana rushewa a wajen awon, babu wani jiki da ya tashi daga nan ya sauka can. A 2012 an yi haka tsakanin tsibiran La Palma da Tenerife, tazarar kilomita 143 ta sararin sama.

Amfanin da ya fi kusa shi ne sirrin saƙo. Tunda amsoshin ba su da tsari amma sun dace a ɓangarorin biyu, mutum biyu za su iya mayar da su mabuɗin sirri da su kaɗai suka sani, shawarar da Artur Ekert ya kawo a 1991. Duk wanda ya tsaya a hanya ya auna foton zai bar sawu, dacewar ta ragu, a gane shi, kuma tun 1982 aka tabbatar da lissafi cewa ba a iya kwafar halin foton da ba a sani ba. Wannan dokar ita ce kuma matsalar, domin zaren gilashin da ke ɗaukar intanet yana cinye rabin haske a kowane kilomita 15, wato a kilomita 300 foton ɗaya ne cikin miliyan zai isa, kuma ba a iya ƙara masa ƙarfi a hanya yadda ake yi wa saƙon waya. Shi ya sa ƙasar Sin ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Micius a watan Agustan 2016 ƙarƙashin jagorancin Pan Jianwei. A 2017 ya raba tagwaye tsakanin tashoshin Delingha da Lijiang masu tazarar kilomita 1,200, kuma daga tagwaye kusan miliyan 6 da yake fitarwa a sakan, kimanin guda ne ake kamawa a tashoshin biyu tare. Da wannan ɗan kaɗan ɗin aka nuna cewa sarƙewar ta tsira.

Tambaya: Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaji. Akwai abin da za mu iya nuna wa yara da kayan da ke hannu? Daga wata malama a Gusau.

Amsa: Akwai, Malama, ko da yake foton ɗai-ɗai da tagwaye suna buƙatar na'urori masu tsada. Ki sami 'yar fitilar leza, ki miƙar da silin gashi guda a bakin wani kwali da aka huda, ki haska ta kansa zuwa farin bango mai nisan mita biyu ko uku a ɗaki mai duhu. Hasken da ya bi gefen dama na gashin da wanda ya bi hagu za su yi karo, a ga jerin ɗigo-ɗigo na haske da duhu a gicciye da gashin, kuma gashi mafi siriri shi ne zai fi baza su. A kula sosai kada a haska lezar a idon kowa.

Na biyu yana buƙatar rariyar haske guda uku, ana samunsu daga tabarau masu kashe ƙyalli, masu gyaran waya kuma suna ɓare irinsu daga fuskar tsofaffin wayoyi. A jera biyu a gicciye, digiri 90 tsakaninsu, haske ba zai wuce ba. Sai a zura ta uku a tsakaninsu a karkace, a digiri 45, haske zai dawo. Ki bar yaran su yi gardama a kan yadda ƙarin shinge ya buɗe hanya kafin ki gaya musu cewa rariyar tsakiya ba tacewa kaɗai take yi ba, tana ba duk foton da ya tsallake ta sabuwar fuskar kaɗawa. Rabin waɗanda suka tsallake ta farko ne suke wuce ta tsakiya, rabin waɗannan kuma su wuce ta ƙarshe, wato kashi ɗaya cikin huɗu, inda a da babu ko ɗaya.